Mai Sunan Baba a Gado Na Huɗu

Ranar da aka kawo ɗaliban aikin jinya Wudil don jarrabawarsu ta ƙarshe, Sista Lubabatu ta tashi da ciwon baya, kuma ba ta ga alamar zai sake ta ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana sunkuyo a kan gadajen marasa lafiya, tun asibitin bai wuce ɗaki biyu da rumfa ba. Yanzu kuwa, a wannan shekara ta 1977, arzikin fetur ya zo. An gina sabon ɗakin kwanciya mai shuɗin fenti, an rataya masa fanka shida a rufi, sai dai wutar da za ta juya su ce ba ta iso ba tukuna. Akwatunan kayan aiki daga ƙasashen waje suna nan jibge a baranda ba wanda ya buɗe, har awaki sun mai da su wurin hutawa. Ruwa kuwa har yanzu a garwa ake kawo shi.

Makarantar ɗaliban da ke Kano ita ma gini ake yi mata, shi ya sa aka loda su goma sha shida a mota aka turo su nan, a gwada hannunsu a kan marasa lafiya na gaske. Masu ba da maki biyu ne: Sista Lubabatu, shugabar ɗakunan kwanciya, da Malam Sharhabilu, malaminsu daga makarantar.

Wannan Sharhabilu a hannunta ya tashi. Ita ta koya masa riƙe almakashi, ita ta yayyafa masa ruwa ranar da ya fara ganin an yanke yatsa ya sume a kan ƙafarsa. To amma ya je kwas Ingila wata tara, ya dawo da agogo mai ƙirga daƙiƙa, da sabuwar Fijo, da wata takarda mai layi ashirin. Kowane layi abu ɗaya ne da ɗalibi zai yi, in ya yi a ba shi maki, in bai yi ba a ja masa layi. Ya ce da wannan takarda an gama son zuciya, duk wanda ya riƙe ta maki ɗaya zai bayar. Sista Lubabatu ta ce to, Allah ya sa, don ba ta da ƙarfin musu da sassafe.

Su dai ɗalibai ba su yarda ba. An zuba ƙuri'a a gwangwanin madara, kowa ya sa hannu ya ɗauki 'yar takarda mai lambar gado da sunan wanda zai duba shi. Wanda ya buɗe ya ga Sista sai ka ji ajiyar zuciya. Wanda ya ga Malam kuwa sai ya shiga salati a hankali. Sun san abin da manya ba sa son faɗa: rabin jarrabawar a cikin gwangwanin nan take.

Cikin waɗanda suka ɗauki Malam har da Safara'u, 'yar Indabo. Gaban Sista Lubabatu ya faɗi da ta ga fuskar yarinyar. Wata uku Safara'u ta yi a ƙarƙashinta tana koyon aiki, kuma a shekarun nan duka ba ta ga hannu mai sanyi kamar nata ba. Za ta ɓare auduga daga kan ƙuna mai ita bai ce wash ba. Amma bara ta faɗi da maki biyu, a hannun wata sista da ba abin da take dubawa sai hula da farin takalmi, ga shi ranar ruwan sama ya bugi Safara'u a hanya. Dokar makaranta kuwa ba ta da kwana: wanda ya faɗi sau biyu ya kwashe kayansa. A Indabo an gina ɗakin shan magani shekara guda ke nan, a kulle, matan garin suna jiran 'yarsu ta zo ta buɗe, don ba sa yarda namiji ya duba su.

Aka shiga aiki. Sista Lubabatu ta ɗauki ɗakin mata, Malam ya ɗauki na maza. Zafin bazara ya taso tun hantsi, manyan motoci suna ta rugugi a kan gadar kogin garin, ƙuda suna bin Sista daga gado zuwa gado. Ta duba ta farko, ta duba ta biyu, idonta a kan hannun ɗaliba da fuskar mai jinya, takardar kuwa sai an gama take cike ta. Ta uku ita ce Barakatu, yarinya mai rawar kai amma mai tsabta. Ta ɗauki katin wata tsohuwa, ta ga an rubuta Mairo, sunan mahaifiyarta ke nan. Sai ta rusuna ta ce, "Mai sunan Inna, sannu da jiki, ga maganinki." Tsohuwa ta karɓa ta sha. Sista Lubabatu ta ba ta makin layi na biyu ba tare da ko tunani ba, ta tara mata sittin da takwas.

Kafin azahar ƙafafunta sun kumbura. Ta takwas kuwa, ita kanta ta san da rabin ido ta dube ta.

Bayan sallah suka haɗu a ofishinta don su haɗa sakamako, su sa hannu tare, Malam ya koma da shi Kano kafin magariba. Ya jera takardunsa a tebur kamar mai tallan yadi. Ita ta ajiye nata a dunƙule, gefensu ya jiƙe da gumi. Cikin nata takwas ba wanda ya faɗi. Cikin nasa uku sun faɗi. Ta jawo su tana dubawa, ta uku ta Safara'u ce.

Ta bi layukan da yatsa. Wanke hannu, cikakken maki. Wanke gyambo, cikakken maki. Ɗaurin bandeji, cikakken maki, har ya rubuta a gefe cewa ya yi kyau. Layi na biyu kaɗai aka ja wa jan biro, layin da aka yi wa tauraro: ɗalibi ya kira sunan majinyaci da bakinsa, ya ji ya amsa, kafin ya ba shi magani. A ƙasan takardar kuma an buga cewa duk wanda ya tsallake layi mai tauraro ya faɗi, ko da ya cinye sauran.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ba ta kira sunansa ba, Sista."

"Wa ke gado na huɗu?"

"Wani dattijo daga Achika, mai gyambo a ƙafa. Halliru Ya'u."

Sista Lubabatu ta ajiye takardar ta yi tagumi. Ta riga ta san sauran labarin, amma ta ce ya faɗa mata.

"Ta duba kati, ta duba lambar gado, wannan duk na gani," in ji shi. "Sai ta durƙusa ta ce, Mai sunan Baba, ina wuni. Suka shiga gaisuwa, ya gida, ya gona, ya ruwa. Ya tambaye ta 'yar wane ce, ta ce daga Indabo take, gidan maƙera. Sai ya hau murna, wai ashe 'yar takwaransa ce, tare suke cin kasuwar Juma'a da ubanta. Minti huɗu suka ci a haka, na ƙyale. Ta ba shi ƙwayoyinsa ya sha, ya yi ta sa mata albarka har muka bar wurin. Amma suna dai bai fito daga bakinta ba."

"Sunan ubanta ne, Malam."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka ja mata layi? Kai a gaban mahaifinka za ka buɗe baki ka kira sunansa gatsal? Ai abin da layin nan yake nema ta yi shi. Ta tabbatar da mutumin ne. Shi da kansa ya ce takwaran ubanta ne, me ya rage?"

"Yau an yi sa'a ya san ubanta. Gobe fa?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sai ta ga ashe shi ma a gajiye yake. Ya ce, "Sista, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da na bar hannunki, a asibitin da aka fara tura ni, na shiga ɗakin maza da tire na ce, Baba, ga maganinka. Dattijai uku suka miƙo hannu. Na ba na kusa da ni. Maganin zuciya ne, shi kuwa basir ya kawo shi. Kwana biyu muna kansa kafin ya farfaɗo. Har yau in na ji an ce Baba a ɗakin kwanciya sai in tuna da mutumin nan. Kowa Baba ne a ƙasar nan, kowa Inna ce. Tauraron nan ni na sa a yi shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta soke tata ba. Da a ce ta yi shiru nan ta nemi wata hanya, da ya fi. Amma gajiya takan sa bakin mutum ya riga hankalinsa. Ta zaro takardar Barakatu ta dangwara masa.

"To ga wannan. Abin da Safara'u ta yi shi ta yi, ba ragi ba ƙari. Mai sunan Inna ta ce. Na ba ta makinta, ta ci. Aiki ɗaya, rana ɗaya, takarda ɗaya. Wannan za ta sa farar hula, waccan za ta koma gida saboda hannunta ya faɗa kan wata ƙuri'ar a gwangwanin madara. Wannan ne adalcin da ka kawo mana daga Ingila?"

Malam Sharhabilu ya karanta takardar a tsanake. Sannan ya cire murfin jan bironsa.

"Kin yi gaskiya, ba adalci ba ne," in ji shi. "Ita ma ta faɗi ke nan."

Nan Sista Lubabatu ta gane abin da ta jawo. Ta zo ceton ɗaya, ga shi za ta tura ta biyu rami da hannunta. Ta ɗora tafinta a kan takardar.

"Wallahi ba za ka taɓa ta ba. Kuma ba zan sa hannu a sakamakon nan ba, sai dai ka kwana a Wudil."

A waje akuya tana goga ƙahonta a jikin akwatin kayan aiki. Shi ba zai iya komawa Kano da hannu ɗaya a takarda ba, ita kuma ba ta da ikon goge jan bironsa. Can dai ya mai da murfin.

"Albarkacin tarbiyya, Sista, ga abin da zan iya. Da la'asar dattijon yana da wani maganin. Ta sake ba shi, mu biyu muna tsaye, kowa da takardarsa. In ta kira sunan, ta ci. In ba ta kira ba, ki sa hannu mu rabu lafiya. Takardar Barakatu kuwa ke kika duba ta, ni ban gan ta ba."

"A ba ta wani gadon mana."

"A'a. In aka canja mata gado, ba mu gwada komai ba, sa'a muka sake nema mata."

Sista Lubabatu ta sami Safara'u a bayan ɗakin wanki, zaune a kan bokitin da aka kifa, hularta a cinya. Labari ya riga ya kai mata, idanunta sun yi ja. Da ta ga Sista sai ta yi zumbur ta miƙe.

"Zauna," in ji Sista Lubabatu, ta jingina da bango don bayanta. Ta gaya mata yadda aka yi.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Sista, tun da aka haife ni ban taɓa faɗar sunan nan ba. A makarantar firamare ma da aka ce mu faɗi sunan uba, rubutawa na yi a allo, aka yi mini bulala. Kuma shi dattijon nan ya san gidanmu."

"Sau ɗaya ne, 'yata. Suna ne kawai, ba zai ƙone miki baki ba."

Tana faɗa tana jin kunyar kanta. Mijinta Haladu shekara shida ke nan da rasuwa, kuma har yau sunansa bai taɓa bin harshenta ba. Ranar da ta je karɓar takardar rasuwarsa, akawu ya tambaye ta sunan mamaci, sai ta rubuta a 'yar takarda ta tura masa. Duk Haladun da ya kwanta a asibitin nan Mai sunan Maigida take ce masa, kuma ba ta taɓa ba wani maganin wani ba. Da takardar nan mai layi ashirin aka gwada ta, da tuni tana gida tana saƙar hula.

"Ki tuna matan Indabo," ta ƙara da cewa, don ba ta da wata hujjar da ta fi wannan.

Safara'u ta kakkaɓe hularta ta sa.

Da la'asar suka shiga ɗakin maza su uku. Rana ta karkato ta tagogin yamma, masu jinya suna ta fifita da kwali a ƙarƙashin fankokin da ba sa motsi. Dattijon gado na huɗu yana zaune ya miƙe ƙafarsa mai sabon bandeji, wani ɗan siririn tsoho mai furfura a gemu. Yana hango Safara'u fuskarsa ta washe.

"A'a, 'yar takwarana ce ta dawo! Sista, kin ga yarinyar nan? Tun da ta ɗaure mini ƙafa ban ji zogi ba. Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata."

"Amin, Baba," in ji Sista Lubabatu, idonta a kan takarda.

Malam Sharhabilu ya danna agogonsa. Safara'u ta wanke hannu, ta ɗauki tire, ta duba kati, ta duba lambar gado. Ba ta durƙusa ba, don in ta durƙusa ta san ba za ta iya ba. Ta tsaya ƙiƙam a gefen gadon, ƙwayoyi biyu a cikin ɗan kofi. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Sista Lubabatu ta ji kamar ta ce a bar shi haka, ta sa hannu, kowa ya huta. Amma ba ta ce ba.

"Halliru Ya'u," in ji Safara'u, da wata murya busasshiya wadda ba tata ba.

Dattijon ya waiwaya bayansa, ya ga bango ne. Ya dubi na gado na uku, ya dubi na gado na biyar, duk sun daina fifita. Sannan ya dube ta, murmushin ya bi ya zube daga fuskarsa.

"Halliru Ya'u," ta sake cewa, don layin ya ce sai an ji ya amsa.

"Na'am," in ji shi, irin na'am ɗin da ake yi wa ɗan sandan kotu.

Ta gaya masa sunan maganin da amfaninsa, kamar yadda layi na uku ya ce. Ta miƙa masa ya karɓa, ta ba shi ruwa ya kora, ta tsaya har ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ta rubuta a kati. Bai ce mata sannu ba, bai sa albarka ba. Ya ja ƙafarsa a hankali ya kwanta, ya juya fuska ga bango.

Malam ya danna agogo. Minti biyu da rabi. Suka koma ƙarshen gadon kowa ya tara nasa. Sista Lubabatu ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ba layin da aka tsallake, duk an yi. Ta nuna masa, ya nuna mata. Saba'in da huɗu, saba'in da huɗu.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali, kuma da gaske murna yake yi. "Kin gani, Sista? Yau makinmu ya zo ɗaya. Abin da nake ta faɗa ke nan. Ta ci."

Ita dai abin da ta sani, a wata ukun da ta yi da yarinyar nan, ba ta taɓa ganin ta yi aikin da ya kai wannan muni ba. Takaici ya kama ta, kuma ba ta san wa za ta ɗora wa ba, don ita ta je bayan ɗakin wanki ta ce suna ne kawai.

Safara'u ta tattara kofi da tire za ta wuce. Sai dattijon ya yi magana, bai juyo ba.

"Yarinya."

"Na'am, Baba."

"In kin je Indabo ki gai da mutumin. Ba sai na faɗa miki wanda nake nufi ba, na ga kin iya sunansa."

Ta ajiye tiren. Ta rusuna har ƙasa a gefen gadon ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ja mayafi ya rufe kafaɗarsa.

Malam Sharhabilu ya miƙo wa Sista Lubabatu takardar sakamako da biro, yana duban agogo, don hanya ba ta da kyau in rana ta faɗi. Ta karɓa. Sunan Barakatu yana sama, ta ci, tana can waje tana dariya da ƙawayenta, ba ta ma san an yi maganarta ba. Sunan Safara'u yana ƙasa, an soke jan biro an rubuta ta ci. Sista Lubabatu ta ɗora takardar a kan ƙarfen gado na huɗu ta sa hannu, sannan ta sunkuya, da bayan nan nata mai ciwo, ta kama yarinyar a kafaɗa ta ɗaga ta daga ƙasa.